Birekar oben ɗina ta daina faɗuwa, amma silin yana warin roba

Mai Kek ta Hotoro:

Assalamu alaikum. Tambaya ce da ni ga masu sanin harkar wuta, kuma don Allah a yi min bayani irin na wadda aikinta fulawa da bota, ba waya ba.

Shekara huɗu ke nan ina gasa kek da mit-fai a gida da oben na gas. Bana da na kwashi adashi sai na sayi na lantarki, irin mai hawa ɗaya ɗin nan mai cin tire biyu, don na gaji da yadda na gas ke ƙone min gindin kek alhali samansa bai gama tashi ba. A bayan sabon akwai ɗan farantin ƙarfe da aka rubuta 220V, 50Hz, 6.6kW. Ba shi da fulogi. Wata baƙar waya ce kawai mai kaurin babban yatsa ta fito daga jikinsa, bakinta uku.

Ɗakin da nake aiki yana can ƙarshen tsakar gida, akwatin birekoki kuma yana zaure kusa da mita. Yaron da ya saba yi mana gyaran wuta ya zo ya auna, ya ce mita 30 ne idan aka bi ta silin. Ya rubuto min waya 2.5mm, wadda suke cewa tu-poyin-faif, da fayif na roba da bireka mai 20A. Na tura aka siyo, ya ja, ya haɗa, muka kunna, fitilar oben ta kawo, na sallame shi har da kek na tukwici.

Washegari na sa kwaɓin farko. Bai fi minti goma sha biyu ba na ji ƙas daga zaure, oben ya mutu. Na ɗaga birekar, bayan minti biyar ta sake faɗuwa. Duk wadda ke gashi ta san abin da ke samun kek idan wuta ta yanke masa yana tsakiyar tashi: tsakiyarsa ta lotsa kamar an danna da gwiwar hannu. Ƙwai goma sha biyu da bota rabin kilo, yara suka cinye da cokali.

Da na kira shi sai ya ce birekar ce ta yi ƙanƙanta. Ya cire ta ya sa mai 63A, ya ce min, "Hajiya, wannan ko injin niƙa kika ɗora mata ba za ta motsa ba." Kuma bai yi ƙarya ba, sati biyu ke nan ba ta motsa ba.

To amma tun kwana uku da suka wuce, idan oben ya yi kamar awa ɗaya yana aiki, sai in riƙa jin wani wari kamar an jefa silifa a murhu. Na zata sabuntar oben ne. Jiya na kai hannu kan fayif ɗin da ya sauko daga silin, wallahi sai da na janye, kuma wajen lanƙwasarsa ya yi laushi har ya ɗan saki. Maigida ya ce kada in sake kunnawa sai an san abin da ake ciki. Shi kuma yaron ya ce a ƙaro wata 2.5 ɗin a jera da ta farko, su zama biyu-biyu, shi ke nan.

Ranar Asabar ta sama ina da odar biki, kek hawa uku da ƙanana ɗari biyu, har na karɓi kafin alƙalami. Wace waya ce daidai da wannan oben, kuma wace bireka? Shawarar jera biyun nan tana yi, ko in yi asarar wayar gaba ɗaya?

Ɗan Walda:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki cire 2.5 ɗin, wayar soket ce. Ki sa 4mm da bireka 40A ki huta. Ni da ita nake walda shekara shida a shagona, ko ɗumi ba ta taɓa yi min ba. Waɗannan masu littafin idan kika biye musu sai sun sa kin sayi wayar turke.

Tsohon Malamin Wayarin:

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, maganar maigidanki ita ce daidai. Kada a kunna oben ɗin nan ko na minti biyar. A sauke birekar mai 63A, a liƙa mata salatif don kada yaro ya ɗaga. Warin da kike ji rigar wayar ce take dahuwa, kuma tana dahuwa ne a cikin silin, inda katako ya bushe ƙayau, ga ƙura ga yanar gizo.

Na yi shekaru ina koyar da wayarin a makarantar koyon sana'a kafin in yi ritaya, kuma babu abin da ya fi wahalar shiga kan ɗalibai irin wannan: bireka ba don oben aka sa ta ba, don waya aka sa ta. Maigadin waya ce. Aikinta ta yanke wuta kafin waya ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Ranar da birekarki mai 20A ta faɗi, lafiyarta ƙalau, aikinta ta yi. Yaron naki ya ga maigadi yana ihun ɓarawo, sai ya kore shi ya kawo kurma.

Bari mu yi lissafin tare, ba wuya. Oben 6.6kW wat 6,600 ke nan. A raba da 220, ya ba da amfiya 30, wato 30A. Wannan shi ne abin da yake ja idan wutar sama da ta ƙasa duk suna ci. Ranar da wuta ta zo da ƙarfi ta cika 230, zai ɗan haura 31. Ki riƙe 30 a ranki.

Waya 2.5mm ta jan ƙarfe mai rigar roba, idan tana cikin fayif, teburin lissafi na ƙa'idar Ingila da muke bi a nan ya ba ta 24A. Ta 4mm ya ba ta 32A, ta 6mm 41A, ta 10mm 57A. Amma mutane na mantawa da ƙaramin rubutun da ke saman teburin: an yi lissafin ne a kan iskar da zafinta digiri 30. Kano a Afrilu ko a inuwa ana kai 40, balle tsakanin kwano da silin da ƙarfe biyu na rana. Wanda ya taɓa hawa gyara a lokacin ya san ba a yin minti goma. To, teburin ya ce a digiri 40 a ninka da 0.87, a 45 da 0.79, a 50 da 0.71. Wayarki mai 24A ta koma kamar 21 a digiri 40, ta koma 17 a digiri 50. Ke kuma kina tura mata 30.

Kuma zafin waya ba ɗaya-ɗaya yake hawa ba. Idan wutar da ke bi ta ninka biyu, zafin da take haifarwa ninki huɗu ne. Daga 21 zuwa 30 a ido kamar ba yawa, amma zafin ya ninka biyu. A tsawon mita 30 ɗin nan, 2.5mm tana cinye kusan bolt 16 a hanya idan 30A na bi. Ki ninka 16 da 30, wat 480 ke nan, kusan rabin dutsen guga na lantarki, a kunne, a cikin fayif ɗin roba, a saman kan 'ya'yanki. Kuma mita tana ƙirga shi, kuɗinki ne. Ƙa'ida ta ce kada abin da ke zubewa a hanya ya wuce kashi 5 cikin ɗari, wato bolt 11.5 a kan 230. Ko ta wannan fuskar ma 2.5 ta faɗi.

Me ya sa mai 20A ta yi minti goma sha biyu kafin ta faɗi, ba nan take ba? Saboda a cikinta akwai wani ɗan falle na ƙarfe iri biyu da aka manna, wanda ke lanƙwashewa a hankali idan ya yi zafi. An ƙera ta ne ta jure ɗan ƙari na ɗan lokaci, amma idan kaya ya kai ninki 1.45 na lambarta dole ta faɗi kafin awa. Naki ninki ɗaya da rabi ne. Karo na biyu kuma ta fi saurin faɗuwa don ba ta gama hucewa ba. Ita kuwa mai 63A, ko 70A aka tura mata za ta iya yin awa tana kallo. Kafin ta motsa wayarki ta zama gawayi.

Tsarin kuwa jeri ne na abu uku, kowa a matsayinsa. Abin da na'ura ke ja kada ya wuce lambar bireka, lambar bireka kuma kada ta wuce abin da waya za ta iya ɗauka a inda aka bi da ita. Na'ura a ƙasa, bireka a tsakiya, waya a sama.

Ɗana mai walda, ka yi haƙuri, shawararka ta karya jerin. 4mm a digiri 40 ta koma ƙasa da 28A, oben ɗin ma ya fi ƙarfinta, sannan ka ɗora mata maigadi mai 40A. Kai abin da ya sa taka ba ta ɗumi, walda ɗiga-ɗiga ce: ka ɗana na daƙiƙa ashirin, ka tsaya ka ƙwanƙwasa, ka juya ƙarfe, ka sauya sanda, waya tana hutawa a tsakani. Kuma na san wayarka a fili take rataye, iska na bugunta. Oben ɗin baiwar Allahn nan daga sanyi zuwa zafin gashi ba ya numfasawa, kuma ranar oda wuni zai yi.

Abin da zan yi da gidana ne: 10mm, da bireka mai 40A, layinsa shi kaɗai daga akwati har oben, ba a ɗora masa ko ƙwan fitila. 10mm ko a digiri 50 tana da 40A da ɗan ɗoriya, kuma bolt 4 kacal za ta zubar a hanya. A kusa da oben a sa makunnin kuka, wato na murhun lantarki, mai 45A, wanda ke yanke ja da baƙa gaba ɗaya, a inda hannunki zai kai ba tare da kin miƙa ta saman oben ba. Kada a yarda a sa masa soket, na 13A ne ko na 15A mai zagayayyen baki, duk za su narke.

Batun jera 2.5 biyu, a'a. Biyun sun zama 5mm, ko 6 ba su kai ba. Cusa su a fayif ɗaya kuma yana rage musu ƙarfi don suna dafa juna. Ranar da noti ya saki ɗaya, ɗayar za ta ɗauki kayan duka ba wanda ya sani. Sannan wadda ke ciki yanzu ta riga ta dahu, rigarta za ta yi ƙanta ta riƙa tsagewa. Ko fitila ban yarda a mayar da ita ba.

Saura waya ta uku. A bakin nan uku da kika gani, ɗaya kore ce ko kore da rawaya. Ki duba min, ya haɗa ta da wani abu?

Mai Kek ta Hotoro:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Maganar rabin dutsen guga ta hana ni zama, sai da na je na tabbatar birekar a ƙasa take.

Na duba. Koren ya naɗe bakinta da baƙin salatif ya tura ta bayan oben, ba a haɗe take da komai ba. Daga silin ma waya biyu ce ta sauko, ja da baƙa. Yanzu na tuna, ranar da na wanke ɗakin ina tsaye ba takalmi na taɓa murfin, na ji wani ɗan cizo a yatsa, na ɗauka yankan wuƙa ne ya ji gishiri.

Amma Baba, 10mm ɗin nan na tambaya ta waya, kuɗinta ya ba ni tsoro. Babu yadda 6mm za ta yi?

Mai Shagon Waya a Sabon Gari:

Hajiya, ni ba injiniya ba ne, waya nake sayarwa shekara goma sha wani abu, kuma zan faɗi abin da wasu abokan sana'ata ba za su so ba. Duk lissafin da Baba ya yi, a kan wayar gaskiya ya yi shi. Idan aka ba ki ta bogi, ko 10 aka rubuta a jikinta, lissafin ya rushe.

Iri uku ne ha'incin. Akwai wadda aka rage mata kaurin sili aka ƙara kaurin roba, a ido ta cika fam, a ciki 6 ɗin 4 ce. Akwai wadda cikinta alminiyon ne aka yi masa wankan jan ƙarfe. Alminiyon kuwa sauƙin wucewar wuta a cikinsa kusan kashi 60 cikin ɗari ne na jan ƙarfe, ga shi da saurin sakin noti, ga karyewa in an lanƙwasa shi sau uku. Sai ta uku, wadda aka rubuta mita 100 amma yadi 100 ne, wato mita 91 da 'yan kai. Wannan ba ta ƙona gida, aljihu take ƙonawa, sai dai ita ce ke sa mai wayarin yin jon, wato haɗa waya da waya, a cikin silin idan waya ta gaza.

Ga yadda za ki kare kanki. Kada ki aiki yaro, ki tafi da wanda zai yi aikin. A yanko ɗan guntu a gabanki a fere. 6mm sili bakwai ce, kowane sili ya ɗan haura milimita ɗaya kaɗan. 10mm ma sili bakwai ce, kowanne 1.35. A kankare sili ɗaya da wuƙa: in ja ne har ciki, to, in fari ya leƙo, ki ajiye ki fita. Ko a kunna masa ashana, na gaskiya zai yi baƙi ya tsaya ƙyam, na bogi zai yi laushi ya langaɓe. Abin da ba ya ƙarya kuma shi ne sikeli. Jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na 6mm shi kaɗai ya haura kilo 5, na 10mm kusan kilo 9, ban da nauyin roba. Alminiyon mai kaurin 10 ko kilo 3 bai kai ba. Da an ɗaga naɗin hannu ma ya san bambanci.

Ki duba tambarin hukumar kula da ingancin kaya, SON, da sunan kamfani a jikin wayar kanta, ba a takardar da aka liƙa a leda ba. Wayoyin da manyan kamfanonin ƙasar nan ke yi suna da kyau, shi ya sa ma masu bogi sunayensu suke kwaikwaya. Ita ma birekar akwai ta bogi, wadda ba komai a cikinta sai makunni, har abada ba za ta faɗi ba. Ki ɗaga biyu ki ji nauyi, mai shegen arha ki bar ta.

Kuma ba sai kin sayi naɗi guda-guda ba. Mita 32 ko 33 na kowane launi ya ishe ki, ana yankawa. A bar rara, kada a yi jon.

Injiniyan Sola:

Ina tare da Baba a komai, sai dai a 10mm ɗin ina ganin akwai hanya ta biyu, tunda Hajiya ta yi kukan kuɗi.

Matsalar silin ce. Idan aka fasa bi ta ciki, aka bi da fayif ta jikin bango a ƙarƙashin inuwar baranda, 6mm a digiri 40 tana da kusan 35A. A sa mata bireka 32A, jerin ya tsaya: 30, 32, 35. Abin da za ta zubar a hanya bai kai bolt 7 ba, yana cikin ƙa'ida. Sharaɗi ɗaya ne, kada wata rana wani ya ce 32 na damunsa ya mayar da ita 40 a kan 6mm ɗin.

Abin da ba a taɓo ba shi ne bayan akwatin. Oben ɗin nan shi kaɗai ya kai esi huɗu ko biyar masu doki ɗaya da rabi. A duba fuskar mita, akwai lamba kamar 5(60)A ko 5(80)A, ta cikin bakan ita ce iyakarta. A duba wayar da ta taso daga mita zuwa akwati, a kuma buɗe canjoba. Sau da yawa a nan wuta ke tashi, don an sa ƙarama tun lokacin da gidan fanka da talabijin ne kawai.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane: in wuta ta zo ba ƙarfi, oben ba ya ƙara ja, raguwa yake, sai dai gashi ya yi ta jan lokaci. Masu moto ne ke ƙara ja suna zafi, irin firiza da esi da famfon rijiya, kuma su wajen tashi sukan fizgi ninki biyar zuwa bakwai na ɗan lokaci. Shi ya sa za a ga harafi kafin lambar bireka. B tana faɗuwa nan take a ninki 3 zuwa 5, C a 5 zuwa 10, D a 10 zuwa 20. Oben ba ya fizga, B ko C duk sun yi masa. Idan Hajiya ta sayi babban injin kwaɓi, shi lissafinsa daban.

Tsohon Malamin Wayarin:

Injiniya, lissafinka ba kuskure, na yarda 6mm da 32A halas ne in an bi ta inuwa. Abin da ya sa ban so shi ba, tazarar ta yi kaɗan. Ita ma bireka a digiri 30 aka saita ta, a zaure mai zafi cikin akwati a matse da 'yan uwanta takan faɗi ƙasa da lambarta. Ranar da wuta ta cika, oben na jan 31 da ɗoriya a kan 32, sai ta faɗi ana tsakiyar kek ɗin amarya. Kuma na san mutanenmu: ranar da ta faɗi sau biyu, yaron nan zai dawo da 63 ɗinsa a aljihu. Waya sau ɗaya ake binne ta.

'Yata, cizon nan da kika ji ya fi warin robar tayar min da hankali. Jikin oben ƙarfe ne, ke kuma hannunki kullum a jiƙe, ƙasa siminti. Koriyar wayar ita ce hanyar da wuta za ta bi ta gudu in ta taɓa jikin ƙarfen, maimakon ta bi ta jikinki. Dole a ja ta tun daga akwati, mafi sauƙin ƙa'ida a yi ta kauri ɗaya da sauran, a kuma tabbatar gidan yana da sandar atin, wato ƙarfen da koriyar ke ƙarewa a kai, a kafe a ƙasa da gaske, ba wayar da aka tura cikin bango aka manta ba. Sannan ki sani, bireka 40A ba ta san mutum ba. Abin da ke tsayar da zuciya bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Akwai wata na'ura daban mai maɓallin gwaji a fuskarta, an rubuta 30mA, ita ce ke jin wuta ta ɓalle ta wata hanya ta yanke cikin ƙiftawar ido. A sa ta a layin oben, ki riƙa danna maɓallin lokaci-lokaci ki ga ta faɗi.

A nemi mai takardar shaidar NEMSA, hukumar duba ingancin aikin lantarki, ya yi aikin, ya zo da abin awo. Yaron kuma kada a ci masa mutunci, a kira shi ya tsaya ya gani. Haka aka koya masa.

Mai Kek ta Hotoro:

Jama'a na dawo da bayani, Allah ya biya kowa.

Maigida ya samo wani dattijo mai takarda. Da ya hau silin ya sauko da wani abu a tafin hannunsa kamar busasshen dabino. Ashe wayar ba ta kai ba, sai yaron ya murɗa wata da ita a tsakiya ya naɗe da salatif. Salatif ɗin ya narke ya zama dunƙule, katakon da ke ƙarƙashinsa ya yi baƙi faɗin tafin hannu, da ya sa farce sai gawayi ya ɓare. Daidai saman ɗakin da yara ke kwana. Na ajiye dunƙulen a cikin gwangwanin bota, ban san dalili ba, na kasa yarwa.

Mai shago, na yi gwajinka a kan tsohuwar wayar, ja ce har ciki. Ba ta bogi ba ce, ƙarama ce kawai. Sabuwar kuma da kaina na je, aka kankare a gabana, mai shagon yana ta dariya wai wa ya koya wa Hajiya.

Mun ɗauki 10mm da 40A, amma mun bi shawarar Injiniya wajen hanya, ta jikin bango aka bi ƙarƙashin baranda, ba a koma silin ba. Kuɗin dai ya cinye ribar odar nan tas har da ɗan ƙari. Canjobarmu kuwa, Injiniya kamar ka gani da idonka: mai 30A ce, bakin wuƙarta ɗaya ya yi shuɗi-baƙi. An sauya. Mita 5(60)A ce, don haka dattijon ya ce in oben na aiki kada a haɗa hitar wanka da esi biyu, na rubuta da alli a ƙofar zaure. Sandar atin ma sabuwa aka kafa, ta da ɗin tsatsa ta cinye ta.

Da aka gama ya maƙala wani abin awo mai baki kamar ƙaguwa a jan wayar, ya nuna min: 29.2A, wuta kuma 214 a lokacin. Awa uku ina gashi, na riƙa zuwa ina dafa fayif ɗin kamar mai duba zazzaɓin yaro, ɗumin jiki kawai. Yaron ya zo ya tsaya har ƙarshe, shi ya riƙa miƙa kaya, da zai tafi ya tambayi dattijon ina ake samun teburin nan.

Saura ɗaya. Janaretanmu an rubuta 6.5kVA, dattijon ya ce ko kusa ba zai ɗauki oben duka ba, wai ainihin ƙarfinsa bai fi wat dubu biyar da ɗan kai ba. Oben ɗin yana da makunnin wutar sama daban, na ƙasa daban. In aka ɗauke wuta ranar Juma'a kek na ciki, zan iya ƙarasa shi da wutar ƙasa kaɗai a kan injin, in an kashe komai na gidan? Ko in haƙura in sa a cika min tukunyar gas in ajiye tsohon a gefe?